Mabuɗi Na Uku

Ƙannena biyu suna fataucin shanu tsakanin Mai'adua da Nijar, kuma da kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet, suke biyan dillalai ta waya. Wata Laraba na dawo daga ajin yaƙi da jahilci, na tarar da su a zaure suna gardama kan sabon tsarin tura kuɗi da ake shawarar kawowa: kuɗi ba za su fita ba sai mutum biyu cikin uku sun sa mabuɗinsu na sirri. Ƙaramin yana so, ya ce ni zan riƙe na uku. Babban ya ce tsohon tsarin ya ishe shi.

"Wato ɓarawo ka ɗauke ni?" in ji babban.

"Yaya, kai ka faɗa."

Ya suri sandar kiwo ya rafka masa a goshi. Jini ya wanke wa ƙaramin fuska, shi kuma ya shaƙe wansa har idanunsa suka firfito. Na shiga tsakani, gwiwar hannun ɗayansu ta cire mini haƙori.

Na tofar da jini, na ce ba zan riƙe mabuɗin kowa ba. Washegari suka raba shanun, kowa ya kama hanyarsa.