Yaya Sule da bangon masallaci

Liman ya ce a cike sahu, sai wani mai kwaɗayin lada ya jawo yayana Sule daga jikin bango zuwa tsakiya, a masallacinmu na Sabo.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, bangon nan yake dafawa in zai yi ruku'u.

Kowa ya sunkuya, shi yana tsaye ƙiƙam, gumi na zuba.

Da aka sallame na ce, "Yaya, yau sallar gawa ka yi mana?"

Bai yi dariya ba. "Bari kawai, ƙanena. Ƙasa na ga tana jira na. In na sake faɗuwa, ba tashi zan yi ba."

Tawa dariyar ta maƙale.

Jama'a, kuna tambayar na gefen bango dalilinsa kafin ku jawo shi?