Yaɓen Gindin Duro

Sana'ata gumi ce. Tun Lafia tana ƙarƙashin Filato nake sayen shinkafa da ɓawonta a hannun manoman Doma da Assakio, in jiƙa, in turara a duro, in shanya, in kai inji. Duro ɗaya gare ni, mai kauri, irin wanda ake zubo mai a ciki. Maigidana ne ya samo shi ya sa aka yanke masa baki. Da shi muke ci, da shi muka aurar da 'yarmu tilo zuwa Jos.

Wanda bai taɓa gumi ba yana zaton ruwa ke kashe duro. Wuta ce. In ƙarfe ya sha wuta tsirara, ya yi ja ya huce, sai gindinsa ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa, yau kaɗan gobe kaɗan, har ranar da zai huje ana tsakiyar aiki, ruwa ya kashe wutar, shinkafa ta lalace. Matan layinmu ba sa daɗewa da duro. Nawa kuwa ya yi shekara da shekaru, saboda yaɓen da muke yi masa.

Maigidana ke yin yaɓen. Yakan ɗebo ƙasar suri a hanyar Shabu, ya ɗauro a bayan keke, ya daka, ya tankaɗe, ya haɗa da toka da buntun shinkafa, ya kwaɓa ya bar ta ta kwana. Sai mu kwantar da duron, ni ina riƙe ina juyawa, shi yana shafawa da hannu, daga gindi har inda harshen wuta ke kaiwa. A inuwa yake bushewa, don rana tsaga shi take yi. Kuma doka ce a wurinsa, sai an fasa tsohon yaɓe kaf kafin a yi sabo, don sabo ba ya kama tsoho. Ba mu taɓa yin aikin nan ba mu yi cacar baki ba.

"Ki riƙe da kyau mana."

"Malam, in ka fi ni iya riƙo, zo ka riƙe, ni in shafa."

"Ke? Da wannan gaggawar taki?"

Ya yi yaɓe gab da kaka, muka yi wuta kaɗan a kai, sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Bai tashi ba. Na yi takaba, 'yata ta koma ɗakinta, masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Gidan ya yi mini girma. Nakan dafa tuwo in ga ya yi yawa, in zauna in tasa shi gaba.

Ranar da na mirgino duron daga rumfa zan koma aiki, sai na ga sawun yatsunsa a jikin yaɓen, layi-layi, wuta ta gasa su sun yi tauri. Ƙaramin yatsansa na dama a karkace yake tun yana yaro, ga shi nan layinsa yana bauɗewa daga sauran. Kayansa duk an raba. Wannan kaɗai ne ba wanda ya sani balle ya ce a ba shi. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na ci gaba da aiki a kan yaɓen nan har ya wuce lokacinsa. Ya fara tsagewa. Na kwaɓa laka ina liƙe tsagun, alhali na san aikin banza ne, da wuta ta taɓa sai likin ya faɗo. Maƙwabciyata, wata dattijuwa Alago da ke soya gari, ta leƙo ta katanga ta ce da irin Hausarta, "Maman yarinya, wannan duro naka zai mutu fa. Ka fasa ka yi sabo."

Na ce, "Mama, duronki ne?"

Ta juya ta koma. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushi. Kwana da kwanaki ba mu gaisa ba, ga shi ita kaɗai ce nake jin muryarta a yini.

Ana haka yayana ya aiko daga Keffi, wai in tattara in dawo, ga ɗaki a gidansa. Allah ya saka masa, amma ni da na saba ci da hannuna, in koma ina jiran a miƙo mini? Na kuma san in duron nan ya huje ba ni da halin wani, komawar ce za ta zama dole. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wata safiya ina kwashe toka daga murhu sai na ga wani ɓangaren yaɓen ya faɗo, faɗinsa kamar tafin hannu. Na leƙa wurin da ya bari. Ƙarfen ya yi ja-ja-ja, na sa farce sai falle ya biyo ni. Na danna da babban yatsa, na ji ya ɗan lotsa. Wallahi na tsaya ina jin haushin mamaci, ina cewa a raina, ka tafi ka bar ni da wannan, wa ka ce zai riƙe mini?

Washegari na ɗauki kwando na tafi hanyar Shabu da ƙafa, na ɗebo ƙasar suri. Na daka, na tankaɗe, na kwaɓa, ta kwana. Da hantsi na kwantar da duron, na ɗauko guntun taɓarya. Na daɗe a tsaye. Sai na yi bisimilla na buga. Yaɓen ya zubo guntu-guntu, ban tsaya kallon ko ɗaya ba, don na san in na duba ba zan ƙarasa ba. Na goge ƙarfen da yashi har tsatsar ta fita, na share gutsattsarin na zuba a gindin mangwaro.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ranar ya ɗauka. Na tokare duron da duwatsu, in shafa gefe, in wanke hannu, in cire dutse, in juya, in mayar. Sau biyu yana kuɓuce mini ya ɓata inda na gama. Na zage shi, na sake. Aikin da mukan gama kafin rana ta yi zafi, sai bayan azahar na miƙe da ƙugu kamar ba nawa ba.

Ya bushe a rumfa. Na ɗora shi a murhu na hura ƙaramar wuta, yadda ake yi wa sabon yaɓe, na tsuguna ina zagaya shi da ido ina neman tsaga. Na ƙara itace. Ruwa ya tafasa, tururi ya tashi, yaɓen ya yi baƙi ya kama daram, ko gashin tsaga babu. Daɗi ya kama ni, na juya da sauri wajen ƙofar ɗaki, bakina a buɗe zan ce masa ya zo ya ga aikin mai gaggawa. Kaji ne kawai a wurin suna tonon buntu. Na rufe bakina na juye shinkafar a ciki.