Rigar Lamba Bakwai

Yayana kafinta ne, amma ko a bakin shagonsa ba a kiransa sai da Walƙiya. Shekara goma sha tara yana buga lamba bakwai a ƙungiyarmu ta ranar Lahadi, ƙungiyar magidanta masu tumbi da ke haɗuwa a filin bayan makaranta. Shi ya kafa ta, shi ke ajiye riguna a ƙarƙashin teburin aikinsa, shi ke cewa wane ya shiga, wane ya zauna. Ni ina cikin masu zama. Kunkuru yake ce mini a gaban matata, har 'ya'yana suka ɗauka.

Bai san tausayin mai rauni ba. In mutum ya faɗi riƙe da ƙafa, sai ya tsallake shi ya ce a ja shi gefe yana ɓata ciyawa, alhali filin ko tsinke babu.

Wata Lahadi ya miƙa ƙafa zai taro ƙwallo, muka ji ƙas kamar an karya busasshen katako. Jijiyar bayan cinyarsa ce ta tsinke daga jikin ƙashin mazaunai. Aka yi masa aiki aka ɗinke ta, aka hana shi zama mako shida. A tsaye yake cin abinci, jingine da sanduna. Ni nake kai shi asibiti, yana kwance rub da ciki a kujerar bayan motata, kuma ko a haka bakinsa bai mutu ba. Ya ji an ba ni rigarsa, har na ci ƙwallo huɗu da ita, sai ya ce in daina shafa mata warin benci.

Gaskiya ya yi ƙoƙari. Likitar da ke koya masa motsa ƙafar, wata 'yar siririya marar wasa, ita kaɗai na taɓa gani ta ba shi umarni ya bi. Ɗaga dunduniya, jan roba, taka matakala ɗaya sau talatin, yana zufa yana cije leɓe. Wata bakwai bai yi fashi ba.

A gabana ta yarda ya koma fili. Ta ce minti goma kawai, sassarfa da gajeren bugu, amma kada ya kuskura ya ɓalle da gudu sai bayan wata biyu, domin ɗinkin bai gama kamawa ba, kuma in ya sake tsinkewa shi da ƙwallo sai kallo. A mota ya gargaɗe ni kada kowa ya ji. Ni kaɗai na sani.

Ranar da ya dawo, a tsakiyar fili ya sa na tuɓe rigar, mutane suna dariyar tumbina. Da yake wani bai zo ba, aka jefo mini wata aka ce in tsaya tsakiya. Raina ya gama ɓaci.

Ƙwallo ta zo mini. Yaya na kusa, yana nuna mini ƙafarsa. Na gan shi sarai. Na ɗaga kai na aika ta can gaba inda babu kowa, irin wadda bai taɓa bari ta wuce shi ba. Ya kalle ni sau ɗaya. Duk filin ana kiran Walƙiya, sai ya ɓalle.

A taku na shida ya faɗi.

Ni na sake ɗaukarsa, rub da ciki a kujerar baya. Daf da ƙofar asibiti ya yi magana, fuskarsa a cikin kujera.

"Ashe ka iya bugu, Kunkuru."

Bai taɓa faɗa wa kowa abin da na yi ba. Yanzu yana jan ƙafa tsakanin teburin aikinsa da ƙofar shago, ranar Lahadi ma yana buɗewa. Rigar tana wurina, matarsa ce ta kawo a wanke a goge. Ta yi mini daidai.