Gwamnatin Yaya Rabi ta bakin kogi

Yau shekara goma sha takwas ke nan da rasuwar yayata, Madam Rabi, malamar lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Gamkalle, kuma har yanzu in na tuna ta dariya ce ke riga hawaye zuwa.

A shekarun fari, lokacin da soji ke riƙe da ƙasa, ba mai zancen mulki sai ya waiga. Ita kuwa Yaya, kullum bayan la'asar sai ta tara mu a garkarta ta bakin kogi, ta ce majalisar ministocin gwamnatin da za ta kafa wata rana ce. Ni aka ba ma'aikatar ruwa, don ni ke jan guga.

Dokokinta a kaye, littafin rubutu na ƴan lakwal, take rubuta su. Ba ministan da zai hau mota sai kowane ƙauye ya samu rijiya. Kowace lakwal da rumbunta. Abin da yara suka ci da rana, shi shugaban ƙasa zai ci.

Sai wani ya kai tsegumi. Aka kira ta komisariya, ofishin ƴan sanda, na bi ta, ko da yake mun san waɗanda suka shiga can suka daɗe. Kwamishinan ya jima yana juya shafukan kaye ɗinta, fuska a ɗaure.

"Madam, su wa ke bayanki?"

"Mata tara ne, ranka ya daɗe, sai jaki ɗaya."

Ya tsaya kan shafin rijiyoyi. Can ya rage murya ya ce ƙauyensu na wajen Tawa, uwarsa har yau tafiyar wuni take yi neman ruwa. Ya miƙo mata biro: "Sa sunan garinmu." Muka fito muna dariya har unguwar Kalle.

Da tana nan yau, na san da ta tsaya gaban hotunan ƴan takara tana tambayar wane ne cikinsu ya taɓa jan guga. Amma da ta yi murna ganin mata na tsayawa zaɓe da sunansu.

Ba ta mulki ko unguwa ba. Sai dai rumbun lakwal ɗinta mun gina shi da hannunmu tun tana da rai, kuma iyaye ba su daina zuba hatsi ba. Shekaranjiya na bi ta wurin da azahar, na tarar yara sun kewaye kwano, ana ta gardamar wa ya fi loma.

Allah ya jiƙanki, Yaya.