Lahadi Uku a Bencin Horo

Shekarun baya, tun kafin kowa ya fara kira na fasto, na yi wani abu da har yau in na tuna sai dariya da kunya su kama ni lokaci guda.

A cocin ƙauyenmu, can bayan Fadan Kagoma, akwai wani benci a ƙarshen layi, dab da ƙofa. Bencin horo ake ce masa. Wanda laifinsa ya fito fili, nan dattawan coci suke zaunar da shi. Ba ya shiga kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, ba ya addu'a a gaban jama'a, ba ya cin Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake rabawa don tunawa da Yesu, sai ranar da aka ce ya tashi.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne mai buga mana ganga tun ina yaro. Wata shekara 'yarsa ta kwanta ciwo. An kai ta asibiti sau biyu, jiki ya ƙi. Rannan da safe sai ga shi a ƙofar ɗakina da zakara a cikin buhu, ya ce, "Ɗana, kai ni gindin dutse." Kowa ya san boka ne a kan dutsen nan. Ni ma na sani sarai. Na tada mashin na kai shi, na zauna ƙarƙashin ɗorawa har ya sauko, na mayar da shi gida. Bayan mako biyu yarinyar ta rasu.

Magana ta fito, kamar yadda take fitowa a ƙauye. Kawu bai musa ba, kuma bai ambaci sunana ba. Aka zaunar da shi a bencin horo. Ni kuwa a watan nan coci ta ba ni takardar shaida ta zuwa makarantar tauhidi, don haka na ja bakina na yi gum.

Bayan shekara uku na dawo hutu gab da Ista, kaina ya yi girman tulu. Na iya 'yan kalmomin Helenanci, harshen Girkawa, ko gaisuwa zan yi sai na jefa ɗaya. A lokacin ƙafafun Kawu sun kumbura, ya rame, ya kuma aika wa dattawa roƙo su bar shi ya ci Jibi a wannan Istar, domin bai ga alamar zai kai ta baɗi ba. Dattawa suka ce tun da ga ɗan makaranta, bari su ji ta bakina. Na gyara murya na ce almajiranci ba wasan yara ba ne, mai bin Yesu gicciye yake ɗauka, wanda ya waiwaya zuwa ga boka a ƙara masa shekara ɗaya ya zama darasi. Na faɗa da ƙarfina, kai ka ce ban taɓa hawa mashin ba. Suka ce ranar Asabar za su yanke.

Washegari na tarar da mahaifiyata a tsakar gida tana tsaga citta tana shanyawa. Ta riga ta ji abin da na faɗa, amma ko ɗaga kai ba ta yi ba. Shirun ya dame ni, sai na hau yi mata lacca. Na ce a cikin Bisharu huɗu, wadda ta fi gajarta ita masana da yawa suke ganin an fara rubutawa, kuma ba ta rufa wa almajiran Yesu asiri ko kaɗan. Ba sa gane magana, suna gardamar wane ne babba, suna barci lokacin addu'a, ranar wuya kuma duk suka watse.

Ta ce, "Fasto na gobe, tsaya. Ranar da Bitrus ya ce bai san Yesu ba, sauran almajiran suna ina?"

Na ce, "Sun gudu, Mama."

"To wane ne ya kai rifot ɗin har aka rubuta?"

Na ji daɗin tambayar, don na san amsa. Na ce magabatan ikkilisiya sun ce marubucin daga bakin Bitrus ya ji labarin.

Ta ajiye wuƙa. "Ashe shi da kansa ya tona kansa. Babban dattijon coci, yana tsayawa gaban mutane yana cewa ni ne na yi." Sai yanzu ta dube ni. "Ranar nan ina gona, na gan ka da yayana kun yi hanyar dutse. Shekara uku ina jira in gani ko makaranta zai koya maka buɗe baki. Ashe buɗe baki a kan wasu ya koya maka."

Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da aiki. Ni kuwa Helenancina ya gudu ya bar ni.

Na koma ɗaki na sake karanta ƙarshen Bisharar nan da nake taƙama da ita. A bakin kabarin Yesu, da aka ba matan da suka je can saƙo su kai wa almajirai, mutum ɗaya tak aka kira da suna, shi ne Bitrus, wanda ya yi musun sanin Yesu. Na rubuta jarrabawa a kan wannan wurin na ci, amma sai ranar na ga abin da yake nufi.

Ranar Asabar na tsaya gaban dattawa, ko da yake na san za su iya janye takardar da suka ba ni. Na ce ni ne na kai Kawu, na san inda za shi, na kuma ɓoye. Na ce na janye maganar ƙarin shekara. Can babban dattijo ya ce, "To, Allah ya sa bencin yana ɗaukar mutum biyu." Suka yanke mu zauna tare Lahadi uku, ranar Ista mu tashi tare. Takardata ba su taɓa ta ba.

Haka aka yi. Ranar Ista ni na riƙe hannun Kawu har gaban tebur, a hankali, saboda ƙafafunsa. Ya ci Jibi yana hawaye. Kafin a kai tsakiyar damina ya rasu.

Tun daga nan ba na shakkar abu ɗaya: waɗanda suka fara ba da labarin Yesu sun sa faɗuwarsu a ciki da gangan, domin irina da irin Kawu mu san da sauran wurinmu. Yau in mutum ya zo mini da laifinsa, nakan fara ba shi labarin mashin ɗina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Lahadin farko. Na shigo coci kaina a sunkuye, ido duk a kaina, na nufi bencin baya. Mutumin da na nemi a ƙara wa shekara ya ɗago ya gan ni. Ya ja kumburarrun ƙafafunsa gefe, ya share mini katakon da tafin hannunsa.

Ya ce, "Zauna ta nan, ɗana. Nan iska ya fi shigowa."