Yadda Aka Lalubo Shekarun Kakata

Kakata ta wajen uba ba ta san shekarunta ba, kuma abin bai taɓa damunta ba sai da aka ce za a rufe layin duk wanda ba shi da lambar ɗan ƙasa. Da ƴar wayarta take jin muryar babana, wanda ke aiki a kudu yana kiranta duk Juma'a.

Ni aka ɗora wa kai ta rajista. Tun daga unguwarmu Gangaren Tudu a Keffi har Sabon Gari ina mita a cikin keke, don jarrabawa na gabana, ga ni da gajen haƙuri tun fil azal.

Mai rajistar wata budurwa ce mai fara'a. Da ta ga babu takardar haihuwa, sai ta ce za su bi ta abubuwan da suka faru a ƙasa.

"Mama, kin tuna samun ƴancin kai?"

"Ina goyon na biyu. Ƙyanda ta ɗauke shi."

"Yaƙin basasa fa?"

"Motocin soja na wucewa aka kai tagwayena makwanci."

"Da aka bar fam aka koma naira?"

"Da sabon kuɗin aka sayi likkafanin ta shida."

Haƙurina ya ƙare. Na ce, "Kaka, shekara ake tambayarki, ba zaman makoki muka zo ba."

Ta dube ni ba fushi. "Maigida, ai ni da su nake ƙirga."

Duk tarihin da na sha wuya na haddace a aji tana da shi a ka, ko sau ɗaya ba ta rikita jerin ba. Turawa sun tafi, soja sun hau sun sauka, an cire Keffi daga Filato, ita tana ɗakinta. Ni kuwa na taso ina zaton babana kaɗai ta haifa, kuma ban taɓa tambaya ba. Har yau ina jin kunyar maganar da na yi mata a gaban baƙuwa.

Budurwar ta yi lissafinta, ta rubuta ɗaya ga Janairu, aka ɗauki hoto.

A hanyar gida na tambaye ta ƴaƴa nawa ta haifa.

"Tara. Ubanka ne auta," ta ce, tana ƙulle takardar rajistar a bakin zani. "Kai kana ganin damuwata da wayar nan rigimar tsufa ce. Shi kaɗai ya rage mai ce mini Inna."