Ranar da Kawu Ya Ja Motar Tsere

A unguwar Sharafiyya aka haife ni, nan ƙasa mai tsarki, amma har furfura ta fito mini a gemu ban daina faɗuwar gaba ba in na hango shingen bincike. Kafilina na farko, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mini nake zaune da sunansa, tsoho ne mai kirki. Da ya rasu, 'ya'yansa suka ce ba su san zancena ba, iƙamata, takardar izinin zama, ta mutu a aljihuna. Haka na ci gaba da yawo da saɗaha, motar nan mai shimfiɗaɗɗen baya da ake ɗora wata motar a kai. Ita ma ba tawa ba ce, ta haya ce.

A wannan aikin na haɗu da wani matashin Balarabe a unguwar Abhur, mai motar tsere. Abar ba lamba, kujera ɗaya tal, ciki duk ƙarafa, ga ta ƙasa-ƙasa har sai na jera katako kafin ta yarda ta hau. Tayoyinta huɗu duk ja suke yi tare, shi ya sa ba a ɗaga gabanta a bar na baya suna gudu a kwalta, don yin hakan cinye giyarta yake yi. Tun ranar farko ya ja mini kunne: "Ko taya ɗaya kada ta taɓa ƙasa, fahamt, ka gane?" Ni nake kai ta filin da suke tsere a bayan gari, in fake a inuwar saɗaha ina shan ƙara, in dawo da ita tana warin roba. Ban taɓa son motar ba. Amma na lallaɓa ta fiye da yadda nake lallaɓa kaina, domin mai ita ya yi mini alkawarin mayar da kafalata kamfanin babansu da zarar an gama tseren bana. Da iƙama mai rai sai in yi tuƙi kamar kowa.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, a gidanmu yake zaune. Rayuwarsa duk a jan mota ta ƙare, da tsohon winshinsa mai ɗaga gaba da sarƙa. Na ba shi labarin alkawarin, ya fi ni murna. Mu kuwa a danginmu aiki ba ya fita daga gida. In an kira ka ba ka nan, wanda ke kusa shi zai tafi a madadinka, ba sai ya tambaye ka ba, kuma abin yabo ne. Da haka muka rayu a garin nan.

Wata safiya sukari ya kayar da mahaifiyata. Na kwashe ta sai asibiti, na bar wayata a kan katifa, makullin saɗaha kuwa yana aljihuna. Mai mota ya kira yana son a kai ta wurin bakanike kafin tsere. Kawu ya ɗauka, ya ce ma fi mushkila, ba matsala, ga shi nan. Matashin ba ya gida, mai gadi ne ya buɗe ƙofa. Kawu ya ɗaga gabanta da winshinsa cikin ladabi, har tsumma ya naɗa wa sarƙar kada ta karce fenti, ya ja ta tun daga Abhur har cikin gari a hankali, yana ta murna.

Da la'asar na isa garejin. Motar tana sama, baƙin mai yana ɗiga daga cikinta, bakaniken ya nuna mini ɓurɓushin ƙarfe a tafin hannunsa. Na so matashin ya zage ni, ko ya mare ni ma, da na sami kafar ba da haƙuri. Bai ɗaga murya ba. Ya saurare ni har na gama zancen asibiti, ya ce Allah ya ba tsohuwa lafiya. Na ce, "Ɗal umrak, ranka ya daɗe, maganar kafalar fa?" Kunya ta kama ni tun kafin in rufe baki.

"Halas," in ji shi, wato magana ta ƙare. "Allah yustur alek, Allah ya rufa maka asiri."

Tseren ya wuce ba da shi ba. Na kira sau da yawa, daga baya na daina. Na ji haushin Kawu har na kasa cin abinci kwano ɗaya da shi, amma me zan ce wa dattijon da ya bar shayinsa ya fita cikin rana don kada in rasa aiki? Ban faɗa masa ba. Matata ma na hana ta. Yanzu da safe kawai nake fita, ta lunguna, in ɗauko motocin da suka yi haɗari a kusa, ina kuma sane cewa wata rana za a tsayar da ni, a tura ni ƙasar kakannina da ban taɓa takawa ba.

Kwanakin baya muna zaune a kasuwar Bab Makka da Kawu da tsofaffin abokansa, ya sake ba su labarin yadda ya kai motar Balarabe ko ƙwarzane babu. Sai ya juyo gare ni.

"Ɗan nan, ina maganar iƙamar ta kwana?"

"An kusa, Kawu."

Ya ɗaga hannu ya yi hamdala, ya ce shi dama ya san wahalar da ya sha ranar nan ba za ta tafi a banza ba.